Famfon ruwa na ɗiga a kan distiributa: a toshe, a ja tiyo, ko a canza?

Mai Caprice: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in sake kashe kuɗi a banza. Motata Chevrolet Caprice ce ta 1995, mai injin LT1, silinda 8, lita 5.7. Wata huɗu ke nan da na canza mata distiributa, wato mai raba wuta zuwa fulogi, irin wadda ake kira Optispark. Lafiya lau take tafiya har makon jiya. Yanzu da safe sai na yi ta murza makulli kafin ta tashi, in ta tashi tana karkarwa a silo, in na taka totur a hawa sai ta riƙa fizga kamar mai shaƙuwa. In ta ɗauki zafi sosai abin yakan lafa. Jiya na kwanta ƙarƙashinta da tocila, sai na ga wani ɓawo fari-fari mai ratsin kore ya bushe a ƙasan famfon ruwa, ga ɗigo ɗaya yana reto a bakin wata 'yar huda, daidai saman murfin distiributar. Na shafo da yatsa, santsi gare shi, ga wannan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi na ruwan lagireto. Wani ya ce in cusa gam ɗin silikon a hudar, shi ke nan. Me kuka gani?

Baba Makaniki: Wa alaikumus salam. Ɗana, kar ka kuskura ka toshe hudar nan. Ba lalacewa ce ta huda wurin ba, da gangan aka yi ta. A cikin famfo akwai sanda mai juyawa, a gefe ɗaya sil da ke tare ruwa, a ɗaya gefen boris mai giris. Hudar tana tsakaninsu ne, don in sil ya fara sakin ruwa, ruwan ya sami hanyar fita waje maimakon ya shiga boris. Ka toshe ta, ruwan zai koma ya wanke giris ɗin, boris ya yi tsatsa ya fara gurnani, wata rana sandar ta yi lako-lako a kan hanya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Famfonka ya gama aiki, canza shi za ka yi.

Ɗan Koyo: Baba, a yi mini afuwa, ni abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Duk distiributar da na taɓa gani a sama take, ko a bayan injin ko a gefen tof silinda. Me ya kai wannan ƙarƙashin famfon ruwa?

Mai Camaro: Ɗan Koyo, bari in ɗan yi maka bayani, don shekara da shekaru ina riƙe da irin injin nan. Kamfanin General Motors ya fito da LT1 a Corvette ta 1992, ya sa shi a Camaro da Firebird daga 1993, sannan a Caprice, Impala SS, Buick Roadmaster da Cadillac Fleetwood daga 1994 zuwa 1996. Abu biyu suka bambanta shi da kakanninsa. Na farko, ruwa yana fara zagaya tof silinda ne kafin ya sauka jikin injin, akasin yadda aka saba. Na biyu, famfon ruwansa ba bel ke juya shi ba, wata 'yar sanda ce mai haƙora da ke karɓar juyi daga giyar kamshaf ta ratsa murfin gaba. Ita kuma distiributar an manna ta a jikin wannan murfin, bakin kamshaf ke juya ta kai tsaye. To ka ga jerin: famfo a sama, distiributa a ƙarƙashinsa, fulin karanshaf a ƙasa yana rufe wani sashe nata. Duk abin da ya zubo daga famfo, a kanta yake sauka.

Kuma ba distiributa ce kawai ba. A rabinta na baya akwai faifan ƙarfe siriri mai tsaga 360 a zagayen waje da tsaga 8 a ciki, da 'yar fitila da ido mai karanta hasken da ke ratsa tsagogin. Da wannan ne kwamfutar mota ke sanin inda kowane fistin yake. A rabin gaba kuma ga rota da murfi suna raba wuta mai ƙarfin sama da bolt 20,000 zuwa fulogi takwas. Ido mai son tsabta da wuta mai son bushewa a gida ɗaya, ga ruwa yana ɗiga daga sama.

Direban Dare: Ni dai in gaya muku abin da ya yi mini aiki. Tiyo na ja. Na samu ɗan bututun tagulla na dasa a hudar da gam mai ƙarfi, na jona masa siririn tiyo na zagaye da shi gefe har ƙasan mota. Shekara biyu ke nan ko ɗigo bai taɓa distiributa ta ba. Malam Mai Caprice, yi haka ka huta, ba sai ka kwance komai ba.

Baba Makaniki: Direba, a sabon famfo ka dasa ko a wanda ya riga ya fara zuba?

Direban Dare: A sabo ne Baba, ranar da aka ɗaura shi.

Baba Makaniki: To ai maganarka da tasa ba ɗaya ba ce. Kai laima ka tanada kafin hadari. Shi ruwa ya riga ya sauko masa. In ya ja tiyo a famfon da ke zuba, ya raba distiributa da ruwa, gaskiya ne, amma ya kuma ɓoye wa kansa ciwon. Ruwa zai riƙa raguwa a lagireto yana zuba a kwalta bai sani ba. Sil ɗin da ya fara ɗiga ba ya warkewa, ƙara buɗewa yake. Kuma ku tuna injin nan daga sama yake fara shan ruwa, in ruwa ya yi ƙasa iska ta shiga, tof silinda ne zai fara ƙonewa. Gara ka yi asarar distiributa sau biyu da ka ƙona gasket sau ɗaya.

Direban Dare: Na ji Baba, amma ba kowa ke da halin canza famfo a ranar da ya ga ɗigo ba. Mutum ya ja tiyo ya lallaɓa na mako biyu yana duba ruwa kullum, ina laifi?

Oga Rewaya: Laifin shi ne aikin ba ya yiwuwa da kyau famfo yana jikin mota. Hudar a ƙasa take, tsakaninta da distiributa ko yatsu biyu da ƙyar suke shiga, wurin kuma a jiƙe yake da ruwa mai santsi. Wane gam ne zai kama a nan? Za ka manna, ka ga kamar ya zauna, injin ya yi zafi ya girgiza, bututun ya faɗo. Ko kuma gam ɗin ya shige ciki ya toshe hudar, ka koma kan abin da Baba ya hana tun farko. In kuwa za ka cire famfon don ka dasa bututu yadda ya kamata, to me ya rage? Ka riga ka yi wahalar, ɗaura sabo kawai.

Ni ɓangaren wuta nake so in taɓo, don a nan nake ci. Mutane suna ɗauka ruwan lagireto kamar ruwan sama ne, ya jiƙa ya bushe ya wuce. Ba haka ba ne. Sinadarin da ke cikinsa, etilin gilaikol, sai zafi ya kai wajen digiri 197 yake tafasa, saboda haka ruwan da aka gauraya shi da shi ne ke tashi, shi kuma ya zauna. Yana barin danƙo, danƙon yana kama ƙura, yana kuma jawo laima daga iska cikin dare. Shi ya sa motar Malam ke wahalar tashi da safe, in ta yi zafi ta ɗan warware. Wutar da ya kamata ta bi waya zuwa fulogi sai ta sami gajeriyar hanya ta kan wannan danƙo. In ta bi sau ɗari, sau dubu, sai ta ƙona roba ta bar wani siririn layi baƙi a cikin murfi, kamar an ja da fensir. Na sha buɗe murfi in gan shi ya tashi daga wannan haƙori zuwa wancan, a karkace kamar tsagar bango. Da zarar layin nan ya fito, ko ka goge ko ka kankare, wuta ta riga ta san hanya. Murfi da rota sai sabo.

Mai Caprice: Oga, wato ita ma distiributar ta tafi ke nan? Wallahi ban gama farfaɗowa daga sayen wannan ba.

Oga Rewaya: Ba lallai ba, kar ka karaya. A fara sa mata na'ura a karanta lambobin matsala da kwamfuta ta ajiye. A ta 1995, lamba 16 tana nufin kwamfuta ta rasa saƙon tsagogi 8 ɗin nan, lamba 36 kuma na tsagogi 360. In na 360 ne ya ɓace mota za ta iya ci gaba da tafiya, in na 8 ne ba za ta ma tashi ba. Tunda taka tana tashi, in babu ko ɗaya daga cikin lambobin nan, akwai kyakkyawan zaton idon yana nan lafiya, ɓarnar ta tsaya a murfi da rota, kuma ana sayar da su daban. Ka tanadi sifanar da ta dace tun kafin a fara, notocin murfin ƙanana ne masu kan tauraro, ba kowane akwati ake samun bakinsu ba. Na ga waɗanda suka cinye kansu da filaya.

Ɗan Koyo: To Oga, me zai hana in an gyara a bi duk bakin distiributar da silikon a like ta ruf, ko iska kar ta shiga? Ai sai ruwan ya yi ta zuba.

Mai Camaro: Wannan kuskuren ni na yi shi da hannuna, kuma na ji a jikina. Tawa ta 1993 ce, irin ta farko wadda ba a ja mata tiyon iska ba, sai 'yan ƙananan hudoji a ƙasa. Na like komai har da su, ina ganin na yi dabara. Bayan 'yan watanni na buɗe, na tarar da ƙarafan ciki sun yi tsatsa ja, ga gumi a jikin murfi. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne tartsatsin da ke tsalle daga rota zuwa haƙoran murfi yana haifar da iskar ozon, ita kuma tana cin ƙarfe da roba, musamman in ta haɗu da laima. Na hana ruwan waje shiga, na kulle na ciki. Saboda wannan matsalar ce aka fito da nau'i na biyu mai numfashi: tiyo ɗaya yana kawo busasshiyar iska daga bututun da ke bayan matatar iska, ɗayan yana zuƙe ta zuwa manifol. Su Caprice sun samu tun 1994, Corvette da Camaro sai 1995. Don haka ta Malam mai numfashi ce.

Silikon siriri a inda murfi ya haɗu da gindi, da kewayen inda soket ke shiga, ba laifi. Hanyar iska kuwa a bar ta a buɗe. Malam, ka bi tiyoyin nan biyu da hannu daga farko har ƙarshe. Roba ce da ta kusa shekara 30 ko ta wuce, tana tsagewa. In na kawo iska ya tsage a kusa da famfo, to distiributar da kanta za ta riƙa zuƙo ruwan tana kai wa cikinta.

Maman Biyu: Sannunku da ƙoƙari. Ni tawa ƙaramar mota ce mai silinda 4, ba ta da distiributa ma, kowane fulogi da kwayil ɗinsa a kai. Ina karantawa ne ina tunanin ko abin bai shafe ni ba. Amma kwanan nan ina ganin ɗan jiƙo a ƙasa ta ɓangaren da bel yake, kuma sau biyu na ƙara ruwa a wata ɗaya.

Baba Makaniki: Hajiya, ya shafe ki, ta wata ƙofa dai. Motar da ba ta da distiributa tana dogara ne da sensan karanshaf, shi ke gaya wa kwamfuta lokacin da za ta saki wuta. A injuna da yawa yana zaune ne a ƙasa ta gaban injin, kusa da fuli, wato inda duk abin da ya zubo daga famfo yake gangarawa. Shi sensan a rufe yake, amma soket ɗinsa in ya daɗe yana shan ruwan nan sai ƙarafansa su yi kore, mota ta riƙa mutuwa ba gaira ba dalili, ta tashi bayan an ɗan jira. Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali shi ne in famfonki bel ɗin tayimin ne ke juya shi. Ruwan yana lalata bel, in boris ya ci kuma bel ɗin na iya tsallake haƙori ko ya tsinke, a wasu injunan fistin ya daki bawul. Shi ya sa muke canza famfo da bel ɗin a rana ɗaya. Mota mai lafiya ba ta shan ruwa sau biyu a wata. Ki kai a duba cikin makon nan.

Maman Biyu: Na gode Baba. Yaya za a tabbatar famfon ne ba wani tiyo ba? Ba na so a yi ta canje-canje da ka.

Baba Makaniki: Ki ce a yi gwajin matsi. Injin a sanyaye, a cire murfin lagireto, a ɗaura famfon hannu mai agogo, a buga iska zuwa lambar da ke rubuce a kan murfin, yawanci wajen 13 zuwa 16 a ma'aunin psi, kar a wuce. Sai a zuba wa allura ido. In tana sauka, a bi da tocila da ɗan madubi daga sama zuwa ƙasa, a nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe, don ruwa yakan yi tafiya kafin ya ɗiga. Kuma don Allah kowa ya ji: ba a buɗe murfin lagireto injin yana da zafi. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, matsi ne kawai ya hana shi tafasa. Na ga hannun da ya saluɓe saboda wannan.

Direban Dare: Tunda ana maganar canza famfo, me ya sa ba zai sa na lantarki ba? Na ji ana sa wa LT1, a cire sandar da ke juya shi gaba ɗaya a toshe ramin.

Mai Camaro: Ana yi, masu tsere suna sonsa. Yana raba ka da sil ɗaya na baƙin mai, wannan riba ce. Amma ka mayar da ran injinka kan fis da rile da waya. Ɗaya ya saki, ruwa ya tsaya cak, injin kuma yana ci gaba da gudu. Gudunsa ɗaya ne ko kana silo ko kana hawan dutse da kaya. Kuma yana nan dai a saman distiributa, shi ma yana da sil da zai tsufa. Motar zirga-zirgar yau da kullum, ni na fi natsuwa da na asali mai kyau.

Oga Rewaya: Wani abu da ba a faɗa ba, kuma shi ya fi kashe distiributar nan a hannun masu gyara: ranar canza famfon. Ko ka zubar da ruwan lagireto, akwai sauran ruwa a jikin injin. Kana zare notoci shida ɗin nan ka ja famfo, sai ya kwararo ta ramukan, kai tsaye kan abin da kake son karewa. A fara zubar da na jikin injin ta ƙasa, sannan a lulluɓe distiributar da leda da tsumma. Haka wajen fitar da iska bayan an zuba sabon ruwa: ɗan notin da ake sassautawa yana saman gidan tamostat, shi ma a samanta yake. A tara tsumma a ƙarƙashinsa. Masu wankin injin da ruwa mai ƙarfi kuma, gaban LT1 ba wurinsu ba ne. Ruwan da aka zubar a tara shi a mazubi mai murfi, guba ne, zaƙinsa yana jan yara da dabbobi.

Mai Caprice: Na dawo da labari, bayan kwana shida. Allah ya saka wa kowa da alheri. An sa na'ura, babu 16 babu 36. Da aka cire famfon na riƙe sandarsa na girgiza, tana motsi, ina juya ta ina jin ƙaras-ƙaras kamar yashi a ciki. Murfin distiributa kuwa, Oga, kamar kana wurin: layi baƙi siriri tsakanin haƙora biyu na ƙasa, da ɗan kore a bakin wayoyin fulogi biyu. Faifan da idon suna nan tsaf, a bushe. Mun canza murfi da rota da wayoyin nan. Sai wani abin da ban zata ba: sil ɗin sandar famfo a murfin gaba yana tsiyayar baƙin mai, shi ma yana gangarowa ta bayan distiributar. Da alama lokacin aikin baya ne leɓensa ya naɗe wajen sawa. Wannan karon an rufa wa haƙoran sandar wata 'yar roba mai santsi kafin a zura shi, ya shiga lafiya. Tiyon kawo iska ma ya tsage a gwiwa, an sa sabo.

Na kuma ɗauki shawarar Direba, a kan sabon famfo, yana kan tebur, a bushe. Bututun bai shiga ciki sosai ba don kar ya taɓa sanda.

Direban Dare: Madalla. Wane irin tiyo ka sa?

Mai Caprice: Baƙin roba, ragowar na iska.

Baba Makaniki: Canza shi da fari mai nuna abin da ke ciki, ɗana, irin wanda ke jure zafi. Ya gangara ƙasa tun daga farko har ƙarshe, kar ya yi ciki inda ruwa zai kwanta, ka ɗaure shi nesa da bel da fuli da salansa. Bakinsa kuma kar ka sake shi a iska. Ka sa shi a 'yar ƙaramar kwalba da ba a toshe bakinta ba, ka ɗaure ta inda idonka zai faɗa kanta duk lokacin da ka ɗaga bonet duba mai. Sabon famfo yakan ɗan yi gumi a kwanakin farko kafin sil ya zauna, wannan kar ya dame ka. In ka ga ruwa yana taruwa mako bayan mako, ka zo mu sake magana.

Maman Biyu: Ni ma an yi gwajin jiya. Allura ta sauka cikin minti biyar, kuma daga bayan murfin bel ɗin tayimin ruwan yake fitowa. Gobe za a kwance. Oga Rewaya, soket ɗin sensan ya yi kore kamar yadda Baba ya ce, da me ake wanke shi?

Oga Rewaya: A cire kan batir tukuna, Hajiya. A fesa masa maganin wanke soket na lantarki, a goge da ɗan buroshi mai laushi, a bar shi ya bushe sarai. In ƙarafan sun cinye ko sun saki, a yanke a sa sabon soket, kar a lanƙwasa su da allura. Sannan a shafa giris ɗin silikon kaɗan a robar bakinsa kafin a mayar. Ki ce su nuna miki tsohon bel ɗin in sun cire, ki duba ko ya kumbura ta gefen da ruwan ke taɓawa.